Rabin Labarin Yana Hannun Mai Karatu

Assalamu alaikum. Ina godiya ga shugaban taro, da ku 'yan'uwa marubuta da kuka daure kuka zauna har zuwa wannan lokaci. An ba ni minti 20, don haka ba zan yi kewaye-kewaye ba.

Zan fara da wani gwaji da aka yi a Amurka a 1944. Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Fritz Heider da Marianne Simmel, suka haɗa ɗan gajeren majigi wanda babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Siffofi ne kawai: babban alwatika, ƙaramin alwatika da 'yar da'ira, suna kai da kawo a kewayen wani akwati mai ƙofa. Suka nuna wa ɗalibai, suka ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Kusan dukkansu labarin mutane suka rubuto. Babban ya zama azzalumi mai cin zali, ƙaramin ya zama mai kare 'yar da'irar, akwatin kuma ya zama ɗaki. Babu wanda ya gaya musu haka. Su suka zuba tsoro da kishi da soyayya a cikin zanen da ba shi da ko ido.

To, jama'a, wannan shi ne mai karatunku. Yana zuwa da zuciyarsa a cike, yana neman gurbin da zai zuba abin da ya zo da shi. Abin da ke damuna a yawancin rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba shi ne marubuci ya toshe kowane gurbi. Ni ma na yi shekaru ina haka, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Ga misali, ku saurara. Marubuciya ta ce: "Da ya tafi ta shiga matsanancin baƙin ciki, zuciyarta ta yi ƙunci, duniya ta yi mata zafi." Babu kuskure a jimlar, amma ta gama aikin ita kaɗai, mai karatu ya zama ɗan kallo. Yanzu ku ji wannan: "Da motar ta ɓace, ta koma ɗaki ta ninke rigar da ya bari. Ta warware ta. Ta sake ninkewa." Ban ambaci baƙin ciki ba, amma na ga wasunku sun sunkuyar da kai. Duk wanda ya taɓa rabuwa da wani ya san wannan hannun da ya rasa abin yi. Gani ya kori ji.

Masu shirya fim sun daɗe da gano wannan. Lev Kuleshov na Rasha ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, fuskar da ba ta nuna komai, ya jera ta da hotuna dabam-dabam. Da aka haɗa ta da kwanon abinci, masu kallo suka ga yunwa. Da aka haɗa ta da akwatin gawa, suka ga jimami. Fuskar nan ita ce dai, abin da ke gefenta ne ya sauya. A rubutu ma haka: abin da ka ajiye kusa da tauraronka yana magana a madadinsa.

Inda wannan ya fi ƙarfi shi ne a hirar taurari, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Mutum ba ya faɗin abin da ke ransa kai tsaye, musamman ga wanda yake jin nauyinsa. Ku ɗauka yaro ya faɗi jarrabawa, takardar sakamakon tana kan tebur, uban ya gani. Sabon marubuci zai sa uban ya yi jawabi shafi biyu a kan wahalar da ya sha. Ku gwada haka:

"Ka kulle ƙofar baya?"
"Na kulle, Baba."
"To, je ka kwanta."

Sai uban ya kife takardar, ya kashe fitila. Shirun nan ya fi tsawa ciwo, kuma mai karatu ne zai cika shi da muryar nasa mahaifin.

Amma kada ku fita nan ku ce na ce a ɓoye komai. Gurbi dabam, duhu dabam. Siffofin can na 1944 sun zama labari ne don ana ganin babban yana bin ƙaramin, ƙaramin yana neman mafita. Buƙatar kowa a fili take. Ka sanar da ni tun shafukan farko me tauraruwarka take nema da abin da ya tare mata hanya. Wannan kada ka yi rowarsa. Yadda take ji a kai shi ne za ka bar mini.

Malama a can baya tana tambaya, a wane lokaci ake wannan aikin, ana cikin rubutu ko bayan an gama? Bayan an gama, Malama. Rubutun farko ki sake shi ya zuba yadda ya so, har da bayanan da suka yi yawa, domin ta nan kike gano labarin. Ki ajiye shi mako biyu. Sannan ki ɗauko babi guda da jan biro, ki nemi duk jimlar da ta biyo bayan magana tana fassara ta, irin su "ya faɗa cikin fushi" ko "wannan ya nuna ba ta yarda ba", ki ja musu layi. Ki karanta wa wani babin da ƙarfi ba tare da su ba, ki tambaye shi me matar nan take ji. In ya faɗa daidai, goge su. In ya rasa, ki koma wurin ki ƙara wani abu da ido zai gani.

Shugaba yana nuna mini agogo. Wa ke da tambaya ta gaba?