Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan da ya kwanta a gona, aikin wa ne fitar da shi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako daga wuraren noman rani suka fito, kuma ba ƙarancin ruwa ake kuka da shi ba, yawansa ne ya dami mutane.

Ta farko daga wani dattijo ce mai lambu a gefen dam ɗin Daberam, ƙasar Daura. Ya ce: "Ƙasar lambuna tana yin fari kamar an barbaɗa kanwa, albasa ta ƙi yin kai, na ƙara taki amma shiru. Mene ne magani?"

To Baba, Allah ya ƙara lafiya, a dakata da ƙarin takin nan tukuna. Farin da kake gani gishiri ne. Duk ruwan da ake ba shuka yana ɗauke da ɗan gishiri ko da harshe bai ji ba. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Inda ƙasa ke tsiyayewa, damina kan wanke shi. Inda ruwa ya rasa mafita kuwa, taruwa yake a ƙarƙashi, ya yi ta tasowa har ya kusanci saiwa, zafin bazara ya jawo shi sama da gishirinsa. Takin zamani shi ma dangin gishiri ne, kuma albasa ba ta jure shi ko kaɗan. Tumatir ya fi ta haƙuri, alkama ta fi su duka. Ka haƙa rami mai zurfin mita 1 a wurin da ya fi kwari, ka bar shi ya kwana. In ka iske ruwa ya taru, magudana ce matsalarka. A fara buɗe wa ruwa hanya, sannan a cika fangali da ruwa mai kyau ya wanke ƙasar.

Sai wani ɗan ƙungiyar manoma daga Jibiya: "Magudanar da ke bayan gonakinmu ta cike da yashi da ciyawa. Wasu sun ce aikin gwamnati ne, wasu sun ce namu ne. Su wa ke da gaskiya?"

Malam, kowanne ɓangare ya riƙe rabinta. Dam ɗin Jibiya da na Zobe a Dutsin-Ma suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka fara kafawa a 1973. Tsarin da aka saba a irin waɗannan wurare shi ne manyan hanyoyin ruwa, babbar magudana da kwalbatoci na hukuma ne, ƙananan da ke ratsa gonaki na manoma. Shugabanninku su je ofis a nuna musu a taswira wacce ce ta wa, a kuma rubuta.

Amma bari in faɗa maka inda gizo ke saƙar. Ruwan shigowa kowa na gadinsa, har dare ake rabawa a bakin ƙofa. Na fita ba mai kula shi, saboda wanda gonarsa ke sama ba ya ganin ɓarnar. Na ƙasa ne ke nutsewa. In aka bar yashe magudana ga wanda abin ya dama, na ƙasa kaɗai zai ɗauki shebur, ya gaji ya bari. Shi ya sa nake ganin ƙungiyar da ke karɓar kuɗin ruwa ba ta ware na magudana, aikinta bai cika ba. Kowa ya biya gwargwadon faɗin gonarsa, na sama da na ƙasa, a sa ranar gayya bayan ɗaukewar damina kafin a saki ruwan rani, a yanka tara ga wanda ya toshe magudana don ya ƙara kunya biyu, a yi duk wannan a gaban magaji da sarkin noma.

Wasu sun riga mu. A Holan tun ƙarni na 13 manoma suka kafa majalisun kula da ruwa, har gobe zaɓensu ake yi kuma suna karɓar harajinsu. Masar kuwa, bayan kammala babban dam ɗin Aswan a 1970 ban ruwa ya koma na duk shekara, ruwan ƙasa ya taso, sai da ta kafa hukumar magudanai ta musamman a 1973, tana binne bututu a gonaki, manoma na biya kaɗan-kaɗan. Ko a nan gida, shirin inganta noman rani na Bankin Duniya mai suna TRIMING da aka amince da shi a 2014 ya ɗora kula da ƙananan hanyoyin ruwa a Bakolori da Kadawa kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah a Dutsin-Ma, tana tambaya ko ruwan da ke kwance a magudana yana da alaƙa da tsargiyar da ke damun yaranta. Hajiya, yana da ita ƙwarai. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan katantanwa take rayuwa, su kuma ruwa mai ciyawa da ba ya gudu suke so, haka ma sauro. A kai yaran asibiti, akwai maganinta, a kuma hana su wanka a wurin.