Bayan Farin Hayaƙi Ya Washe

Ladi: Jama'a barkanmu da warhaka, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ladi ce ke magana daga nan Jos, ga abokin aikina Bulus a gefe. Yau kuma mun yi babban kamu, domin Baba Katikis ya yarda ya zauna da mu. Baba, sannu da zuwa.

Baba Katikis: Yawwa 'yata, sannunku da aiki. Ku dai yi haƙuri da muryar tsoho.

Bulus: Muryar da ta koya mana katikisma da bulala a hannu? Ai har yanzu in na ji ta sai na gyara zama.

Baba Katikis: Kai ɗin nan, bulalar ma ba ta ishe ka ba.

Ladi: To, zancenmu na yau ya samo asali ne daga wata gardama da ta ɓarke tsakanin mutanen nan biyu bayan Misa. Bulus ya ce makonnin da suka biyo bayan rasuwar Fafaroma Francis, daga 21 ga Afrilun 2025 zuwa 8 ga Mayu da aka zaɓi Leo na 14, sun fi wa'azin shekara goma yaɗa bishara. Baba ya ce taron yuyuyu ne. Bulus, fara kare kanka.

Bulus: Ban janye ba. Ku tuna abin da ya faru. Duniya kaf ta zuba wa bututun hayaƙi ido a kan rufin majami'ar Sistin. Bututu fa! Kadinal 133, wato manyan shugabannin ikilisiya masu zaɓen Fafaroma, a kulle a ciki, ba waya, ba jarida, ana jiran mutum ɗaya ya sami kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 89. Daren Laraba baƙin hayaƙi, wato ba a samu ba tukuna, Alhamis da rana baƙi, da yamma sai ga fari, alamar an yi sabon Fafaroma. A shagon da nake aiki, maƙwabcina Musulmi ne, shekara nawa muna tare bai taɓa yi mini tambaya a kan addinina ba. Ran nan shi ya leƙo da wayarsa ya ce, "Wai ku yaya kuke zaɓen shugabanku ne? Me ya sa mata ba sa ciki? Ya ake yi hayaƙin ya canza launi?" Mun fi awa guda muna magana. Baba, wane wa'azi ne zai kawo shi ƙofar shagona da tambaya?

Baba Katikis: To me ka ba shi amsa?

Bulus: Na hayaƙin na sani, sinadari ake ƙarawa a ƙona tare da takardun ƙuri'a. Na matan kuwa, gaskiya na yi ta in'ina.

Baba Katikis: Ka ji ko. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ni ban ce mutane ba su kalla ba, ɗana. Tambayata ita ce me suka kalla. Na saurari rediyo a kwanakin nan kamar kowa, abin da na ji shi ne lissafi irin na zaɓen fid da gwani. Wannan ɗan ra'ayin riƙau ne, wancan ɗan kawo sauyi ne, wane yana da ƙuri'un Turai, wane yana da na Asiya. Har caca aka riƙa yi a kan sunayen Kadinal, kamar wasan ƙwallo.

Ladi: Baba, bari in ɗan tsaya wa sana'ata. Ɗan jarida labari yake nema, labari kuwa sai da wanda ya ci da wanda ya faɗi. In ka ba shi ɗaki a kulle da dattawa 133 da suka rantse ba za su faɗi abin da ya gudana ba, dole ya cike gurbin da hasashe. Sunayen da aka yi ta juyawa su ne Parolin na Italiya, da Tagle na Filifin, a nan Afirka kuma Turkson na Ghana, da Ambongo na Kinshasa, da Sarah na Gini. Mu nan ma ai mun shiga ruwan. Kowa na cewa lokacin baƙar fata ya yi.

Bulus: Ni kaina na rubuta haka a Facebook.

Ladi: Sai ga Robert Prevost, wato Leo na 14 ɗin, haifaffen Chicago a 1955, wanda ya yi shekaru yana aikin mishan a Peru har ya zama Bishop na Chiclayo. A zagaye na huɗu aka gama. Mutanen Roma suna da wata magana, wai wanda ya shiga ɗakin zaɓe a matsayin Fafaroma, a Kadinal zai fito.

Baba Katikis: Kuma abin da ya ba ni dariya, manyan gidajen labarai suna ta tambayar waye shi, alhali a nan Jos akwai fada-fada da suka ci abinci da shi. Shi ne shugaban 'yan ƙungiyar Augustine na duniya daga 2001 zuwa 2013, ya zo Najeriya ba sau ɗaya ba. Su kuwa 'yan Augustine ai mu a Arewa ba baƙinmu ba ne. Fada-fadansu daga ƙasar Ailan su suka kafa aikin Katolika a yankin Adamawa da Borno. Bishop Sheehan da ya riƙe Yola, daga baya ya koma Kano, ɗan ƙungiyar ne. Bishop Niyiring da ya gaje shi a Kano ma haka. Mutumin da kyamara ba ta sani ba, ikilisiya ta daɗe da saninsa.

Bulus: Amma Baba, kai da ka ce ba siyasa ba ce, kana nufin Ruhu Mai Tsarki ne ya sauko ya kaɗa ƙuri'a?

Baba Katikis: A'a, kada ka sa mini magana a baki. Fafaroma Benedict, tun yana Kadinal Ratzinger, an yi masa irin tambayar nan a talabijin. Ya ce ba zai ce Ruhu ne ke nuna mutum da yatsa ba, domin tarihi cike yake da fafaroman da a fili yake ba Ruhu ne zai zaɓe su ba. Abin da ya ce shi ne Ruhu kamar malami ne nagari, yakan ba da sarari, amma ba ya barin a lalata abin gaba ɗaya. To ka ga mu ma mun san mutane ne ke zaɓe, da son ransu da tsoronsu. Abin da na ƙi shi ne a ce iyakar abin ke nan.

Ladi: Akwai misali a gida ma. Kadinal ɗaya ne tak daga Najeriya ya shiga zaɓen nan, domin su Arinze da Okogie da Onaiyekan duk sun haura shekara 80, doka kuma ta hana wanda ya kai 80 jefa ƙuri'a. Wanda ya shiga shi ne Peter Okpaleke. Mutumin nan fa an naɗa shi Bishop na Ahiara a 2012, fada-fada da jama'ar wurin suka ce ba sa so, ba ɗan yankinsu ba ne. A 2017 Francis ya ba fada-fadan kwana 30 kowa ya rubuto takardar neman gafara. Duk da haka bai sami zama a kujerarsa ba, a 2018 ya ajiye. Aka ba shi sabuwar diyosis ta Ekwulobia a 2020, a 2022 aka yi masa Kadinal.

Baba Katikis: Wannan labarin ya fi duk hasashen jaridu koyar da shugabanci. Ga kunyarmu a ciki, ƙabilanci a cikin gidan Allah. Ga kuma mutumin da ya ga zamansa zai raba ikilisiya, ya sauka. A ƙasar nan wa ke sauka daga kujera?

Bulus: Shugaban matasan cocinmu ma wa'adinsa ya ƙare tun bara.

Ladi: Bulus, kada ka jawo mana.

Bulus: Na yi shiru. Amma bari in dawo kan batuna, domin Baba yana magana kamar ikilisiya tsoron makirufo take yi. Rediyon Batikan a 1931 aka buɗe shi, Marconi da kansa ya haɗa wa Fafaroma Pius na 11. A Amurka Bishop Fulton Sheen ya riƙe mutane a gaban talabijin a shekarun 1950 da alli da allo kawai, har lambar yabo ta Emmy ya samu. Wata Sista, Mother Angelica, ta kafa tashar talabijin ta Katolika mai suna EWTN a 1981. Benedict da ake cewa ɗan gargajiya ne, shi ya buɗe shafin Fafaroma a Twitter a Disambar 2012. A Yulin 2025 har taron jubili aka yi a Roma na musamman domin masu wa'azi a intanet. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Matasanmu a TikTok suke kwana. In ba mu je can ba, masu sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza suna can suna jiransu.

Baba Katikis: Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Jikata ta taɓa kawo mini wani bidiyo tana kuka, wai duniya za ta tashi a watan gobe. Da akwai Fada mai hankali a wayar tata da ya kwantar mata da hankali kafin ta iso gare ni. Ku je, ban hana ba. Amma ku san kasuwar da kuka shiga. Kasuwar nan abin da ya fi tayar da hankali shi take saye. Dubi Bishop Kukah na Sakkwato. Zai rubuta saƙon Kirsimeti mai shafuka, ya yi maganar haihuwar Almasihu da bege da tuba, washegari jimla ɗaya da ta taɓa gwamnati ita ce a kan kowace jarida. Ta 2020 ai ƙura ta yi makonni ba ta lafa ba. Mutum nawa cikin masu zaginsa da masu yabonsa suka karanta saƙon daga farko har ƙarshe?

Ladi: Kaɗan ne, gaskiya. Kuma yanzu abin ya wuce yanke magana, ya kai ga ƙirƙira. Kun tuna hoton Francis na 2023 sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi? Na'ura ce ta haɗa shi, miliyoyi suka ɗauka gaske ne. Ana dab da zaɓen nan ma Trump ya saki hoton kansa da na'ura ta haɗa cikin kayan Fafaroma. Ina ganin shi ya sa kwana huɗu da zaɓensa Leo ya tara 'yan jarida, ya nemi a saki waɗanda ke kurkuku saboda aikinsu, sannan ya roƙe su su kwance wa kalmomi ɗamara.

Baba Katikis: Amma ni maganarsa da ta zauna mini ita ce ta washegarin zaɓe, a Misarsa ta farko da Kadinal. Ya ce duk mai riƙe da iko a ikilisiya aikinsa shi ne ya ɓace domin Almasihu ya tsaya, ya ƙanƙantar da kansa. Ku duba fa, mutumin da duk kyamarorin duniya ke kansa a ranar, shi ke cewa shugaba ya ɓace. A barandar majami'ar Waliyyi Bitrus ma, da ya fito gaban jama'a ranar zaɓen, kalmar farko salama ce, sannan ya kawo maganar Waliyyi Augustine, wanda shi ma ɗan Afirka ne, daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya: tare da ku ni Kirista ne, dominku ni Bishop ne.

Bulus: To ai ta talabijin ka ji shi, Baba.

Baba Katikis: Ta rediyo. Na ba ka wannan. Amma bari in ba ku labarin 1982. Da Fafaroma John Paul na 2 ya zo Kaduna a watan Fabrairu, muna cikin waɗanda suka hau babbar mota suka je. Ban taɓa ganin taro irinsa ba, ya naɗa sabbin fada-fada a gabanmu, mutane na kuka don murna. Muka dawo ƙauye muna jin kamar sama ta buɗe. Lahadin da ta biyo majami'a ta cika har waje. Bayan wata biyu aka koma yadda ake. Waɗanda suka tsaya, su ne waɗanda 'yan Zumuntar Mata suka bi gida-gida, wadda ta haihu aka kai mata itace da sabulu, wanda ya yi rashi aka kwana da shi. A ƙauyen da na yi aiki, Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, in damina ta yi ƙarfi ma sai a yi wata uku. Wa ke binne matattu, wa ke shirya yara domin baftisma, wa ke sasanta miji da mata?

Ladi: Katikis.

Baba Katikis: A Mayun 2021 Francis ya fitar da takarda ya mai da aikin katikis hidima ta musamman da ikilisiya ke naɗawa a hukumance. A Afirka wannan babban labari ne, domin a kan wuyan katikis aka gina yawancin majami'unmu. Kin gan shi a kanun labarai, 'yata?

Ladi: Ban gani ba. Kuma da ni ce edita a ranar, ban tabbata zan sa shi a gaba ba. Babu hayaƙi, babu wanda ya faɗi zaɓe.

Bulus: To ni abin da nake gani, laifin namu ne. Fafaroma Paul na 6 ya rubuta a 1975 cewa mutumin zamani ya fi sauraron shaidu a kan malamai. Baba shaida ne, shekara arba'in a kan keke. Me ya hana mu ɗauke shi a bidiyo yana ba da labaran nan?

Baba Katikis: Ni? Da wannan bakin da ba haƙora?

Bulus: Ai su suka fi tafiya.

Baba Katikis: Kafin ka ɗauke ni, koma wurin maƙwabcin nan naka. Ya yi maka tambaya ka yi in'ina, tun watan Mayu yake bin ka bashin amsa. Zo gida ranar Asabar da littafin katikismarka, in yana nan.

Bulus: Ina jin ɓera ya ci bangon.

Ladi: Sai ka ari nawa. Jama'a, lokaci ya ci mu. Mako mai zuwa za mu ɗauki tambayar da ta kayar da Bulus, wato matsayin mata a shugabancin ikilisiya, kuma mun gayyato wata Sista da shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu. Baba, za ka dawo?

Baba Katikis: In matan za su bar ni in yi magana.

Ladi: Wannan kuma ban yi alkawari ba. Sai mun sake haɗuwa, Ubangiji ya tsare.