Tafiyar ƙasa zuwa Machu Picchu: abin da ke kayar da ƙarti a rana ta biyu

[Hoto: matafiya a jere kan matakalar dutse, hazo ya rufe ƙwari]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hotunan masu tafiyar ƙasa zuwa Machu Picchu suka fara yawo a wayoyinmu, tambaya ɗaya ake ta aiko mana: ya aka yi ƙato majiyin ƙarfi ya zube a gefen hanya yana amai, ga wata dattijuwa da sandarta ta zo ta wuce shi? Wasu sun ce ragwanci ne, wasu sun ce bai yi atisaye ba. Duk ba haka ba ne.

[Taswira: Kudancin Amurka, a matso kan Peru]

Nan ce Peru, cikin tsaunukan Andes. Inkawa, mutanen da suka mulki yankin a da, sun gina birnin dutse na Machu Picchu wajajen 1450, zamanin sarkinsu Pachacuti, suka bar shi bayan kimanin shekara ɗari, lokacin da Sifaniyawa suka ci daularsu. A 1911 manoman yankin suka kai Ba'amurke Hiram Bingham wurin, shi kuma ya yayata shi a duniya. A 1983 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Hanyar da ake bi a yau ɗan yanki ne daga titunan dutse na kusan kilomita 30,000 da Inkawa suka shimfiɗa. Tsawonta kilomita 43 ne ko kusa da haka, yini huɗu, kwana uku a tanti.

Ba a shiga haka nan. Mutum 500 kawai gwamnati ke bari a rana, har da 'yan jagora, masu dafa abinci da 'yan dako, don haka baƙi ba su cika wuce 200 ba. Sai ta hannun kamfani mai lasisi, kuma izinin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfo ɗinka. Ba a sayar wa wani, ba a canza suna. Na watannin ranin can, Mayu zuwa Satumba, yakan ƙare tun da saura watanni. A Fabrairu kuma hanyar a rufe take, ana gyara.

To, yanzu ku dubi wannan layin da kyau.

[Zane: tsayin hanyar daga farko zuwa ƙarshe]

Yawancinmu mun ɗauka Machu Picchu ne ƙololuwa, wato ana ta hawa yini huɗu har a kai shi. A'a. Saukowa ake yi zuwa gare shi. Tsayinsa mita 2,430 sama da teku. Don ku kwatanta, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Kusan kai ɗaya suke. Amma birnin Kusko, inda jirgi ke sauke ka, yana kan mita 3,400. Mashigar da za ka ƙetare a rana ta biyu kuwa, Warmiwañusqa, mita 4,215. Wato tun kana jiran jakarka a filin jirgi ka riga ka fi kango ɗin da ka zo gani tsayi da kusan mita dubu.

Daga Lima, babban birnin Peru da ke bakin teku, zuwa Kusko bai kai awa ɗaya da rabi a jirgi ba. Jikinka ya kwana a bakin teku, ya wayi gari a saman tsauni, babu wanda ya shawarce shi.

[Zane: huhu, ɗigon iska suna raguwa]

Ana cewa wai babu oksijin a can sama. Akwai, kuma kason bai canza ba, kashi 21 cikin ɗari ne kamar na Kano. Matsin iskar ne ya ragu, sai ta yi shara-shara. A Kusko duk numfashi ɗaya kashi biyu cikin uku na abin da ka saba samu yake kawo maka. A mashigar can, kimanin kashi 60 cikin ɗari. Jiki ya san dabarar da zai yi: numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri, ƙoda ta yawaita fitsari don daidaita jini, daga baya kuma a ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Sai dai wannan aikin na kwanaki ne, kuma ba ya sauri don kana da damatsa. Ƙarfin ƙafa zai taimake ka wajen hawa matakala, amma ba ya kare kowa daga ciwon tsauni. Sau da yawa ma shi ke jawo wa mai shi, domin mai ƙarfi gaba yake yi da sauri, ya kai sama kafin jikinsa ya shirya. Dattijuwar nan kuwa taku goma take yi ta tsaya ta huta.

Ciwon kuma yana da yaudara. Ka sauka daga jirgi garau, ka ce ashe zuzuta abin ake yi. Bayan awa shida zuwa goma sha biyu sai ga ciwon kai, tashin zuciya, jiri, abinci ya fita kanka, barci ya ƙi zuwa. Mutanen can soroche suke ce masa, kuma ba sa yi wa mai shi dariya.

[Hoto: dandalin Kusko, baƙi zaune a kan benci]

Waɗannan mutanen da kuke gani zaune ba su yin komai, su ne ke yin aikin da ya fi muhimmanci a duk tafiyar. Kwana biyu aƙalla, uku ya fi, kafin a taka hanyar. Ranar farko kwanciya da shan ruwa, abinci mara nauyi. Rana ta biyu ɗan yawo a cikin gari, a hankali. Akwai kuma dabarar da ni na fi yarda da ita: da ka sauka, ka hau mota ka gangara ƙwarin kogin Urubamba, ka kwana a Ollantaytambo, wajen mita 2,800. Barci ya fi daɗi a can, kuma dama ta nan hanyar take farawa. Matsalar ita ce waɗannan kwanakin ba su da hoto mai kyau, shi ya sa masu bidiyo ke yanke su, mai lissafin kuɗin otal kuma su yake fara sokewa. Ka biya kuɗin jirgi tun daga Afirka ta Yamma, sannan ka yi ƙyashin kwana biyu? Haba dai.

Akwai magani, acetazolamide, da ke hanzarta sabawar jiki. Likita zai rubuta maka, ba abokin tafiya ba. A otal kuma za a miƙo maka shayin ganyen koka, halal ne a dokar Peru, mutanen tsauni sun daɗe suna taunarsa. Amma daga ganyen ake sarrafa hodar iblis, yana iya fitowa a gwajin fitsari, kuma don Allah kada a sako shi a jaka a matsayin tsaraba. Jami'an NDLEA ba za su saurari tarihin Inkawa ba.

[Rubutu a fuska: SS / AS]

Wannan ya shafe mu kai tsaye, a saurara. Ƙarancin oksijin shi ne abin da ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe jijiyoyi. Ga mai SS, irin wannan tsayin hatsari ne na gaske. Shi ma mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, yana iya gamuwa da toshewar jini a saifa idan ya hau sama sosai, alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu. AS kuwa ya yi yawa a cikinmu. Ka san nau'in jininka (genotype), AA ne, AS ko SS, ka ga likita, kafin ka tura ko sisi.

[Hoto: gadar kogi, shingen duba fasfo]

Yanzu tafiyar kanta, da sauri. Rana ta farko daga wurin da ake kira Kilomita 82, a duba fasfo, a ƙetare gada. Hanya mai sauƙi, ga kangon Patallacta can ƙasa. Yawanci a kwana a Wayllabamba, wajen mita 3,000.

Rana ta biyu, ga ta nan. Hawan mita 1,200 a safiya ɗaya.

[Babu magana: ƙarar numfashi, matakala, 'yan dako suna wucewa]

Waɗannan da suka wuce a guje 'yan dako ne, Kecuwawa 'yan ƙauyukan tsaunin, kowanne da kayan kusan kilo 20, ana aunawa a shinge. A wannan tsayin aka haife su. Kada ka yi tsere da su.

Ciwon kai da haki a nan ba abin tsoro ba ne. Amma idan mutum yana zaune yana haki, ko tari mai kumfa, ko yana tangaɗi, maganarsa ta rikice, to ruwa ne ya fara taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa. Ɗan jagora yana ɗauke da tulun oksijin, amma maganin shi ne sauka, nan take, ko da dare ne. Babu titin mota a nan, a kafaɗa ake sauko da mutum. Saboda haka ka faɗa wa ɗan jagora gaskiya tun ciwon yana ƙarami.

Daga mashigar a gangara Pacaymayo a kwana. Sanyin daren wurin, ruwan alwala kaɗai ya ishe ka labari.

[Hotuna a jere: kangaye, daji, hazo]

Rana ta uku ta fi tsawo kuma ta fi kyau. Kangayen Runkurakay, Sayacmarca, Phuyupatamarca, sannan matakalar gangara da ba ta ƙarewa, a nan gwiwa ke karɓar nata rabon. A kwana a Wiñay Wayna, kuma a daren ne ake haɗa wa 'yan dako ihsani. A tanadi kuɗin hannu.

Rana ta huɗu tashin ƙarfe uku da rabi na dare, don 'yan dako su kwashe tantuna su cim ma jirgin ƙasan asuba. Shinge ya buɗe biyar da rabi, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya zuwa Inti Punku, Ƙofar Rana.

[Hoto: Machu Picchu daga sama]

Ga shi can ƙasa. Idan hazo ya rufe shi, wanda yakan faru, a ɗan jira ya yaye. Bayan zagayen kangon sai bas zuwa garin Aguas Calientes da ke gindin tsaunin, jirgin ƙasa zuwa Ollantaytambo, mota zuwa Kusko. A riƙe fasfo a hannu, domin a ƙofar shiga da wajen hawa jirgin ƙasa duk za a sake nemansa.