Amsoshin Tambayoyinku: Ajaokuta a Hannun Gwamnatoci

To jama'a, lokaci na ƙure mana. Wani mai walda daga Funtua yana tambaya ko kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina na hannun gwamnati har yanzu. A'a malam, an daɗe da sayar wa kamfanin Dana.

Sai tambayar da ta cika mana akwati, daga Kano, Lokoja har Maradi: me ya sa kowace sabuwar gwamnati ke alkawarin tayar da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da ke jihar Kogi, amma shiru? Hajiya daga Zariya, shafi uku kika rubuto, Allah ya saka da alheri, amma a riƙa tausaya wa idon mai karatu. Injiniya, bismillah.

Injiniya: To, a 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙulla kwangilar gina kamfanin da Tarayyar Soviet, Shagari ya aza harsashi a 1980. Wuri ne babba ƙwarai, da tashar lantarkinsa, da gidajen ma'aikata, ga tama a Itakpe kusa da shi, ga layin dogo har Warri, wanda sai 2020 aka buɗe shi. Kai, gidajen nan kaɗai in ka gani...

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, Hajiya dalili take nema.

Injiniya: Dalilin ke nan. Zuwa 1994 an ce aiki ya kai kashi 98 cikin ɗari, amma babban murhun narka tama ba a taɓa kunna shi ba. A 2004 Obasanjo ya danƙa wa wani kamfanin Indiya, 'Yar'aduwa ya soke a 2008, aka shiga shari'a, a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496.

Mai gabatarwa: Ku ji fa, zan maimaita. Dala miliyan 496, ba kuɗin gini ba ne, kuɗin sasanta rigimar da ta biyo bayan soke yarjejeniya ne. Wannan ya ba da, wancan ya ƙwace. Buhari kuma a 2019 ya ƙi sa hannu a dokar ware dala biliyan 1 don kammala aikin. Tinubu ya kafa ma'aikatar ƙarafa a 2023, a 2024 aka sake komawa wurin Rashawa. Ni dai a ra'ayina, abin na ci mini rai. A ɗaure aikin nan da dokar da sauyin mulki ba zai kwance ta ba, ko wa ya hau.

Mai tambayar farashin rodi daga Gusau, yi haƙuri, injiniya zai dawo mako mai zuwa, da taka za mu fara in sha Allahu.