Jiragen Dakon Kogin Tems a Yaƙin Normandi

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka daure kuka zauna duk da zafin nan. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Yau zan kai ku kogin Tems na birnin Landan, wajen wasu jiragen dako da babu wanda ya ƙera su don yaƙi. Ƙarfe ne aka haɗa, ciki a shimfiɗe, ba inji, ba ɗakin kwana. Aikinsu kwaso kaya daga manyan jiragen teku su kai rumbunan bakin kogi: gawayi, hatsi, katako. Ko dai wani jirgin ya ja su, ko matuƙin ya jira ruwa ya ciko ko ya janye, ya bi shi da doguwar filafili. Wanda ya taɓa ganin irin waɗanda ake ja a kogin Kwara wajen Lakwaja ya san fasalinsu.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Birtaniya ta fara tunanin komawa da yaƙi Faransa, wadda Jamus ta mamaye, sai ta tarar ba ta da isassun jiragen sauke sojoji. Rundunar ruwa ta karɓe kusan 1,000 daga cikin jiragen nan. Da yawa aka ɗaura musu injin fetur na Chrysler guda biyu, aka yanke bayan wasu aka sa ƙofar da mota za ta gangara ta kanta. Ku lura, a baya ƙofar take, don haka sai jirgin ya juya ya shiga gaɓa da baya, ga igiyar ruwa tana dukansa. Gudunsu kuwa bai wuce kilomita 8 a awa ba. Matuƙa da dama ma daga kogin aka ɗebo su aka sa musu kaki, don su suka san halin abin.

Bari in ɗan yi ratse. Jamusawa sun riga su wannan dabara. A 1940 sun tattara jiragen dako sama da 2,000 daga kogin Rayin da Holan da Beljiyam da Faransa, da nufin su ɗora sojoji su tsallaka su ci Ingila. Yawancinsu ba inji, jiragen saman Birtaniya kuma suna ta yi musu ruwan bamabamai a tashoshi. Ranar 17 ga Satumba Hitila ya ɗage shirin, bai kuma sake komawa kansa ba. A ganina kuskuren a bayyane yake: sun so jirgin dako ya zama na sahun gaba. Ingilishi da suka zo nasu a 1944, sai suka bar shi a kan sana'arsa.

Kusan 400 daga cikin jiragen Tems ne suka tsallaka zuwa Normandi, a gaɓar arewacin Faransa, a watan Yunin 1944, tafiyar kilomita kusan 160 a teku mai tashin hankali. Wasu injinsu ya mutu a hanya aka ja su, wasu ruwa ya ci su. Waɗanda suka isa, kowa da aikinsa. Akwai masu sauke motoci daga manyan jirage zuwa tudu, akwai na mai, akwai na ruwan sha, akwai waɗanda aka mayar garejin kanikawa don gyaran ƙananan jiragen da suka lalace.

Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne jirgin girki. Ku duba halin da ake ciki. Ɗaruruwan ƙananan jirage ne ke kai da komo tsakanin teku da gaɓa dare da rana, matuƙansu ba su da murhu, ba su da wurin dafa ko shayi. Sojan da ya hau tudu rundunarsa za ta ciyar da shi, na babban jirgi yana da kicin. Wannan na tsakiyar fa, wa zai ba shi? Shi ne aka ɗauki jiragen dako 10 aka gina musu ɗaki a sama, aka sa tanda da ma'ajiyar abinci. Kowane ɗaya yana ɗaukar abincin mutum 900 na mako guda. A rana yana iya fitar da abinci mai zafi na mutum 1,600, mai sanyi na 800, ga burodi. Ƙaramin jirgi zai matso ya raɓa, a miƙo masa abincin a cikin mazubi mai riƙe zafi, ya ja baya wani ya matso. Mutum ya kwana a jiƙe, hannu ya sandare, sai ga ƙanshin burodi a tsakiyar teku.

Ranar 19 ga Yuni guguwa ta taso ta yi kwana uku, ta farfasa tashar jiragen ruwa ta wucin gadi da Amurkawa suka kafa a Omaha, ɗaya daga cikin gaɓoɓin Normandi da aka sauke sojoji, ta watsa ƙananan jirage birjik a kan yashi, har da na dako. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da aiki. Ɗaya daga cikin na girkin, mai lamba 6, ya daɗe yana yi wa rundunar ruwa hidima bayan yaƙi, daga baya wata ƙungiyar masu tuƙin jirgin nishaɗi a garin Harwich na Ingila ta mayar da shi zaurenta.

Na ga shugaban zama yana duba agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.