Wapama: Jirgin Katakon Da Ruwan Sama Ya Ci A Tudu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wani tsohon jirgin ruwa ne na dakon kaya a Amurka, mai suna Wapama, wanda ya tsallake igiyoyin teku shekara da shekaru, amma ya zo ya lalace a hannun waɗanda suka ɗauki amanar adana shi.

A 1915 aka ƙera shi a garin St. Helens na jihar Oregon, domin kamfanin katako na Charles McCormick. Tsawonsa ya haura ƙafa 200, gangar jikinsa duk katako ce, tururi ne ke juya injinsa. Aikinsa jigilar katako daga dazuzzukan arewa zuwa biranen Kalifoniya da ke ta bunƙasa, yana kuma ɗaukar fasinja. Injin da ɗakunan kwana a baya suke, gaba kuwa fili ne na lodi. Sai an cika cikinsa maƙil, sannan a jibga katako a samansa ya yi tsiri, a ɗaure da sarƙa. Galibin matuƙan irin waɗannan jirage 'yan ci-rani ne daga Suwidin da Norwe da Denmak, mutanen da suka saba kutsawa ƙananan mashigai masu duwatsu inda babban jirgi ba ya ko kusanta.

An ƙera irinsu wajen 225 a gaɓar yammacin Amurka. Wasu sun nitse, wasu sun ƙone, wasu an yar da su a laka. Wapama kaɗai ya rage. A ƙarshen shekarun 1930 ya koma zirga-zirgar Alaska da sunan Tongass, daga baya jihar Kalifoniya ta saye shi, aka gyara shi, aka ajiye shi a San Faransisko jama'a suna shiga suna kallo.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Dogon jirgin katako idan ya tsufa, tsakiyarsa takan yi doro, gaba da baya su sunkuya saboda nauyi. Da abin ya tsananta, sai aka ciro Wapama daga ruwa wajen 1980, aka ɗora shi a kan wani faffaɗan jirgin ƙarfe, da niyyar a gyara shi in kuɗi sun samu. A 1984 har aka sa shi cikin jerin manyan kayan tarihi na ƙasa. Amma kuɗin gyaran ba su zo ba. Ruwan gishiri yakan ɗan kare katako, ruwan sama kuwa shi ne ajalinsa: ya bi ta tsagu ya kwanta a cikin ginshiƙai, ruɓa ta kama daga ciki, waje yana nan kamar lafiya lau. An fesa masa magani don a tsayar da ruɓar, an yi ta jan sa daga wannan tasha zuwa waccan, har ya ƙare a garin Richmond na jihar Kalifoniya.

Ni a ganina, ba a 2013 aka rasa wannan jirgi ba, shekarar da hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka ta sa aka farfasa shi. An rasa shi ne a cikin shekaru talatin na "bari sai baɗi". Jirgin katako tamkar ginin ƙasa yake, kowace shekara yana son yaɓe. Hukumar ta ce kuɗin sake gina shi sun fi ƙarfinta, ga sauran tsofaffin jirage da ke hannunta, kuma wannan gaskiya ne a lokacin da ta faɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne, da an kashe kaɗan-kaɗan tun da wuri, da lissafin bai kai can ba.

An dai tsira da injinsa da wasu sassa, an ɗauki hotuna da awon jikinsa. A 2015 aka cire sunansa daga jerin kayan tarihin ƙasar.