Esin da bai san NEPA ba

Jama'a, ku dubi hulata a ƙasa! Iska ce ta tuɓe min ita, kuma cikin ɗaki nake, ba fanka, ba esi. Nan Yazd ne, tsakiyar hamadar Iran, cikin lambun Dowlat Abad. Bari in ɗaga kyamara. Kun ga waccan doguwar hasumiya mai tsaga-tsaga? Ta haura mita 33. Badgir suke ce mata, wato mai kama iska. Tsagar da ke fuskantar iska ta cafke ta, ta turo ta ƙasa, ta bi ta kan wanga ɗan tafki ta yi sanyi, zafin ɗaki kuma ya fice ta ɗaya gefen. Shi ke nan fa!

Abin da ya ƙona min rai, ku taɓa bangon nan. Laka ce. Irin ta soron kakana a Kanwurin Sakkwato, wanda ko a watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, randar ciki ruwanta kamar na firij. Mu muka rushe shi, ni ma da hannuna a ciki, muka ɗora bulo da kwano, wai ci gaba. Yanzu Inna a tsakar gida take kwana, ita da sauro. Esin da na saya mata yana nan kamar hoto, man janareto kaɗai ya ci min dubu talatin cikin mako biyu kafin na haƙura. Su kuwa mutanen Yazd, tsohon garinsu na laka hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2017, ga Turawa nan suna biyan kuɗi su shaƙi iska.

Af, na sha wani abu mai ƙanƙara a ƙofa, faluda. Ba laifi, amma wallahi bai kama ƙafar furar Sakkwato ba.

Kai Yaya Bello, ginin nan naka na Mabera, kada ka bari magini ya yi maka taga gefe guda. Biyu, suna kallon juna, da 'yar ƙarama can sama inda zafi ke taruwa. Janareton nan kuma ka nisanta shi da tagar yara, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Bari in ɗauki hulata, mai gadi ya fara kallona.